Me ya sa horar da mai gyaran magana yake ɗaukar shekaru, ba watanni ba?

Tambaya: Wata malama da ke koyar da yara masu buƙata ta musamman ta rubuto cewa ta daɗe tana aiki da yaran da maganarsu ba ta fita daidai, kuma tana son zama ƙwararriyar mai gyaran magana da harshe. Sai dai duk inda ta duba, ko dai a ce digiri na shekara uku zuwa huɗu, ko a ce sai da digiri na biyu. Ta ce: "Shin kwas na wata shida ba zai wadatar ba, tunda aikin bai wuce koya wa yaro furta kalma ba? Me ake koyarwa a duk waɗannan shekarun?"

Amsa: Malama, wata shida zai iya fitar da mataimakiya mai amfani ƙwarai, wadda za a ba ta tsarin aiki ta bi, kuma zan zo kan wannan a gaba domin hanya ce ta gaske. Abin da wata shida ba zai fitar ba shi ne mutumin da zai zauna da yaro ko dattijo, ya gano abin da ya hana maganar fita, ya yanke abin da za a yi, ya kuma san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina, a kai shi wurin likitan kunne ko na ƙwaƙwalwa. Koya wa yaro furta kalma shi ne ɓangaren da mai leƙe ta taga yake gani, kuma shi ne mafi sauƙi. Shekarun nan suna tafiya ne a kan abin da ke zuwa kafinsa.

Ki ɗauki yara huɗu, kowannensu in aka nuna masa hoton kare sai ya ce "tare". Na farko shekararsa biyu da rabi. Lafiyarsa ƙalau, yara da yawa kan riƙe sautin gaban baki kafin na can baya ya zauna, in an ƙyale shi zai daina da kansa. Na biyu ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa tun watanni, magana sama-sama yake jin ta, ko shekara za a yi ana sa shi maimaita "ka, ka, ka" ba inda za a je sai an duba kunnen. Na uku shekararsa biyar, kunnensa garau, harshensa yana kai wa hanɗa sarai, amma a tsarin sautin da ke kansa "k" da "t" abu ɗaya ne. Shi abin da yake buƙata a nuna masa cewa "kare" da "tare" ba ma'anarsu ɗaya ba, har ya lura cewa in ya musanya sautin, mai sauraro wani abu daban yake ɗauka. Na huɗu kuwa yanzu ya ce "tare", in aka sake tambayarsa ya ce "are", can kuma ya ce "kake", kina ganin leɓɓansa suna lalube kafin sautin ya fito. Tasa matsalar tana wajen tsara motsin gaɓoɓin furuci a ƙwaƙwalwa, kuma sai da zama akai-akai da maimaici mai yawa, irin wanda na ukun bai buƙata. A kunne kuskurensu ɗaya ne, amma hanyoyin huɗu ne, ɗaya daga ciki ma ita ce kada a yi komai.

Yara kuma rabin aikin ne kawai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna fitowa da matsalar harshe: wani ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi zuwa, wani maganar tana zuba tiryan-tiryan amma babu ma'ana a ciki. Tun a 1861 Paul Broca ya bayyana nau'in farko a Faransa, Carl Wernicke ya bayyana na biyu a 1874, kuma har yau ɗalibi sai ya koyi rarrabe su a bakin gado. Ga mai cutar Parkinson da muryarsa ta yi ƙasa har matarsa ba ta jin sa, ga wanda aka cire wa maƙogwaro saboda sankara yana neman sabuwar hanyar fitar da murya, ga wanda ya bugu a kai a haɗarin mota, ga mai cutar mantuwa, ga jaririn bakwaini da bai iya haɗa tsotso da numfashi ba. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, wato ASHA, ta kasa fagen gida tara, kuma dole ɗalibi ya nuna ya san kowanne: furuci, in'ina, murya, fahimtar harshe da sarrafa shi, ji, haɗiya, tunani da riƙon abu a ka, mu'amala da mutane, da hanyoyin sadarwa na wanda ba ya iya magana da baki.

Haɗiya ce ta sa ba na sassauci a wannan batu. Hanyar abinci da hanyar numfashi a maƙogwaro suke gittawa. Ga mai lafiya, cikin kusan daƙiƙa guda maƙogwaron ya ɗaga, ƙofar iska ta rufe, numfashi ya tsaya, loma ta wuce. In jijiyoyin da ke wannan aiki suka taɓu, ruwa na iya sauka huhu. Da kullum mutum zai sarƙe ya yi tari, da da sauƙi. Amma akwai majinyatan da abin ke shiga musu huhu shiru, ba tari ba komai, domin jijiyar da za ta ji shigarsa ita ma ta mutu. Sai bayan kwanaki a ga zazzaɓi da ciwon huhu. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya saurari muryar majinyaci bayan kurɓa ɗaya, ko ta jiƙe, ya dubi numfashinsa, ya kuma san cewa kunne da ido ba su isa su tabbatar ba. Sai ya iya karanta hoton bidiyo na eksire da ake ɗauka lokacin da mutum ke haɗiya, ko na siririyar kyamarar da ake zurawa ta hanci, hanyar da Susan Langmore da abokan aikinta suka bayyana a 1988. Ko kaurin abin sha ma da ma'auninsa: tsarin IDDSI da ƙasashe da dama ke bi yana da mataki takwas, daga 0 zuwa 7, ana gwada na ruwa da sirinji mai cin mililita 10, a ga nawa ya rage bayan daƙiƙa 10. Wanda ya yi kuskure a furuci ya ɓata wa yaro lokaci. Wanda ya yi kuskure a nan yana iya yin sanadin rai.

Tsarin karatun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka sai da digiri na biyu. Kafin nan ana son ɗalibi ya taɓa ilimin halittu, da fiziks ko kimistiri, da ƙididdiga, da ilimin halayyar ɗan Adam. A cikin karatun zai yi awa 400 na aikin asibiti ƙarƙashin mai sa ido, 25 yana kallo, 375 yana aiki da majinyaci da kansa. Sai jarrabawar ƙasa, sai kuma aƙalla mako 36, awa 1,260, yana aiki ana biyansa amma da babba a kansa. Ko bayan ya karɓi shaidar ƙwarewa, duk shekara uku sai ya nuna awa 30 na ƙarin ilimi. A Birtaniya ana shiga da digirin farko na shekara uku ko huɗu, ko digiri na biyu na shekara biyu ga wanda ya riga ya karanta wani fanni, kuma doka ta hana mutum kiran kansa da sunan sana'ar sai ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya.

Da can ba haka abin yake ba. Lionel Logue, ɗan Ostareliyan da ya fara aiki da yariman Birtaniya a 1926, wanda daga baya ya zama Sarki George na Shida, a kan in'inarsa, malamin koyar da iya jawabi ne, ba shi da digirin likita. A shekarun ne sana'ar ta fara haɗa kanta: Emil Froeschels ya kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1924, ta Amurka ta biyo a 1925, ta Birtaniya a 1945 da Logue cikin waɗanda suka kafa ta. Wasu da suka koyi aikin da hannunsu suna cikin waɗanda suka matsa a tsawaita karatun, domin sun ga iyakar abin da baiwa kaɗai ke iya yi.

A cikin aji, darasin da ya fi wahalar da ɗalibai a ganina ba na sassan jiki ba ne, duk da tarin sunayen tsoka da jijiyoyin kai goma sha biyu da ake haddacewa. Ilimin furuci ne. Ana koya musu rubuta sauti da haruffan furuci na duniya, waɗanda aka fara fitarwa a 1888, kuma haddace alamomin aikin 'yan makonni ne. Wahalar tana kunne. Ƙwaƙwalwar babba ta saba gyara abin da ta ji kafin ta miƙa masa, shi ya sa kike gane maganar ɗalibanki alhali baƙo ba ya ganewa. Sai ki kunna wa sabon ɗalibi muryar yaro, ki ce ya rubuta abin da ya ji, ya rubuto miki abin da yaron yake nufi. A sake kunnawa sau biyar, yana rantsuwa ya ji "s", alhali iskar ta gefen harshe take fita, ko ta hanci. Akan sa masa ƙaramin madubi a ƙarƙashin hancin yaron, ya ga ya yi raɓa daidai lokacin da yaron ke faɗin kalmar da babu sautin hanci a cikinta, sannan ya yarda. Wannan raɓar tana iya zama alamar hanɗa ba ta rufewa, wataƙila akwai tsaga a ɓoye ƙarƙashin fatar ganɗa, abin da likitan tiyata ne zai duba. Kunnen da zai kama irin wannan ba ya samuwa a zangon karatu ɗaya. Sauraro ne na yau da gobe, da wani a gefe yana cewa a'a, sake ji.

Daga nan sai sanin yadda harshe ke girma a bakin yaro mai lafiya, domin wanda bai san daidai ba ba zai gane karkatacce ba. Yaro ɗan shekara biyu akan sa ran yana da kalmomi kamar hamsin, ya fara haɗa biyu. Wata bita da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka fitar a 2018 a kan harsuna 27 ta nuna yawancin baƙaƙe sun zauna a bakin yara kafin su wuce shekara biyar. In'ina takan taɓa kusan yara biyar cikin ɗari, mafi yawansu ta sake su, ta zauna wa kusan mutum ɗaya cikin ɗari. Akwai kuma lalurar jinkirin harshe da ba ta da wani sanadi a fili, wadda bincike a Amurka da Ingila ya nuna tana shafar kusan yara bakwai cikin ɗari, wato kamar biyu a ajin yara talatin. Waɗannan, Malama, kin san su ko da ba ki san sunan abin ba. Furucinsu fes, shi ya sa ba a lura. Sai dai in kika ba da umarni mai gaɓa uku su yi na farko su tsaya, a ce ba sa ji ko sun cika wasa.

Inda horo mai kyau ke rabuwa da na jeka-na-yi-ka shi ne rarrabe bambanci da lalura. Yawancin gwaje-gwajen da aka buga an auna su ne a kan yara masu Turanci kaɗai. Yaron da ya tashi da Hausa ya shiga Turanci yana iya musanya "p" da "f", na Japan ya haɗa "r" da "l", takardar gwajin kuma ta ƙirga musu kuskure. Babu lalura a nan, tsarin harshen farko ne ke aiki. Ƙa'idar da ake dasa wa ɗalibi ita ce lalurar gaske tana bayyana a duk harsunan da yaro ke ji, kuma tashi da harshe biyu ba ya haifar da ita. Kuskuren yana da fuska biyu: a liƙa wa lafiyayye lalura, ko a ga mai lalura a ce ai don harshe biyu ne, zai ware. Saboda haka ɗalibi sai ya koyi ɗaukar maganar yaro a cikin wasa, jimla hamsin ko fiye, ya rubuta ta ya feɗe ta. Ya koyi aiki da tafinta ba tare da tafintan ya gyara wa yaron magana ba. Ya koyi gwajin da ake koya wa yaro sabon abu a nan take a ga saurin kamawarsa, domin yaron da rashin sabo ne kawai ke damunsa nan da nan yake ɗauka. A harsunan da ma'ana ke sauyawa da karin sauti ko tsawon wasali, littafin da aka rubuta don Turanci bai ma san tambayar da zai yi ba.

Ɗalibai sukan yi ƙorafin darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike, suna cewa me ya haɗa mu da lissafi. Abin da ya haɗa mu shi ne wannan sana'a tana da saurin ruɗin kai. Yara suna girma ko an taimake su ko ba a taimake su ba, mai shanyewar jiki yakan ɗan farfaɗo da kansa a watannin farko, sai mai aiki ya ɗauka hannunsa ne. Shekara da shekaru ana sa yara busa usur, da hura balan-balan, da lasar leɓe, wai don ƙarfafa baki furuci ya gyaru. Wani binciken jin ra'ayi da Gregory Lof da Maggie Watson suka buga a 2008 ya samu kashi 85 cikin ɗari na masu aikin da suka amsa a Amurka suna yin haka, alhali babu hujja mai ƙarfi cewa yana gyara furuci. Magana da magana ake gyara ta. Mafi muni ita ce hanyar nan da mataimaki ke riƙe hannun wanda ba ya magana yana "taya" shi danna haruffa. Da aka gwada, aka nuna wa mai lalurar hoto ɗaya, mataimakin wani daban, sai abin da mataimakin ya gani ke fitowa, kuma galibi shi kansa bai san shi ke tura hannun ba. ASHA ta fito fili ta yi hani da ita. Duk waɗanda suka yi waɗannan abubuwa masu kyakkyawar niyya ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ana kuma ba ɗalibai labarin abin da ya faru a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1939. Wata ɗalibar digiri na biyu, Mary Tudor, ƙarƙashin malaminta Wendell Johnson, ta yi gwaji da yara marayu 22 a garin Davenport. Shida daga cikinsu maganarsu lafiya lau, aka dinga gaya musu sun fara in'ina, kada su buɗe baki sai sun tabbata za su faɗa daidai. Yaran suka koma masu tsoron magana. Sai a 2001 jami'ar ta nemi afuwa. Ni abin da nake so ɗalibai su lura da shi a labarin shi ne wadda ta zauna da yaran ɗaliba ce kamarsu, tana bin umarnin babba, kuma da baki kawai aka yi ɓarnar.

Duk abin da na lissafa ana iya karantawa a zauna jarrabawa a ci. Mai gyaran magana kuwa a ɗakin aiki ake yin sa, da majinyaci a gaba da mai sa ido a gefe. Bari in nuna miki yadda zaman sabuwar ɗaliba yakan kasance. Dattijo ne da shanyewar jiki ta tafi da kalmominsa. Ta ajiye masa hoton kofi, ta ce mene ne wannan. Bakinsa ya motsa, goshinsa ya tattare. Kafin daƙiƙa biyu ta ce "kofi ne, ce kofi". Ya maimaita, ta yaba masa, ta juya hoto na gaba. Haka har zaman ya ƙare, ta fito da murna wai ya faɗi kalma ashirin. Mai sa idon da ya san aikinsa ba zai ce mata kin yi kuskure ba. Zai kunna bidiyon zaman, wanda aka ɗauka da izinin majinyacin, ya tsayar daidai wurin, ya ce dubi hannunsa na hagu. Sai ta ga hannun ya ɗago zuwa baki kamar mai shan abu. Ashe ma'anar tana nan, yana kan hanyar kamo kalmar, ita ta tare shi. Kalma ashirin ɗin duk nata ne, shi aronsu ya yi. A zama na gaba za ta ƙirga goma a zuci kafin ta ce uffan. In bai samu ba ta ce "me ake yi da shi?" In ya ƙi, ta ba shi sautin farko kawai. Cikakkiyar kalmar ita ce taimako na ƙarshe. Daƙiƙa goma na shiru a gaban mutumin da ke fama ba ƙaramin nauyi ba ne, tausayi ne ke sa ɗalibai cike gurbin, kuma ban san wata lacca da ke cire wannan ba sai an gani a bidiyo an sake gwadawa.

Sa idon ma sana'a ce mai zaman kanta. Jean Anderson ta bayyana shi a 1988 a matsayin tafiya mai zango: da fari mai sa ido ne ke faɗin abin da za a yi yana gyarawa, a tsakiya su yi shawara tare, a ƙarshe ɗalibi ya zama mai duba kansa, babban ya koma abokin tuntuɓa. Dokar ASHA ta ce dole mai sa ido ya kalli aƙalla kashi 25 cikin ɗari na lokacin da ɗalibi ya yi da kowane majinyaci, kuma tun 2020 sai shi ma ya yi wani ɗan horo kan sa ido kafin a ba shi ɗalibi. Awa biyu ce kacal, abin da nake ganin ya yi kaɗan ƙwarai, amma dai an yarda cewa iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Masu sa ido sukan faɗa ɗayan ramuka biyu. Wani ba ya iya sakin ragama, ɗalibarsa ta gama karatu tana waiwaye tana neman wanda zai gyaɗa mata kai. Wani kuma aiki ya yi masa yawa, ya tura ɗalibi ɗaki shi kaɗai ya sa hannu a takardar awanni da yamma.

Wannan takardar awanni ba na ba ta amana sosai. Awa 400 tana nuna an zauna, ba ta nuna an koya. Ɗalibin da ya yi awa ɗari yana gyara sauti ɗaya da yara masu kama da juna bai kai wanda ya yi talatin da majinyata iri-iri ana zama da shi bayan kowane zama ba. Ostareliya ta fi karkata ga auna abin da ɗalibi ya iya, da wani ma'auni da ake kira COMPASS, inda ake duba yadda yake tunani da yawan taimakon da yake buƙata, daga sabon shiga har ya kai matsayin fara aiki. Na fi gamsuwa da wannan, ko da yake shi ma ya dogara ne da idon mai cika shi.

Da yake wuraren koyon aiki ba sa isa, an shigo da kwaikwayo: 'yan wasa da aka horar su yi kamar masu lalura, mutum-mutumin asibiti, da majinyatan kwamfuta. ASHA ta yarda a ƙirga har awa 75 daga irin wannan, kuma wani gwaji da jami'o'in Ostareliya suka yi tare ya nuna ana iya maye kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin koyon aiki da shi ba tare da ƙwarewar ɗalibai ta ragu ba. Yana da amfani, musamman ga abin da ba a so a fara gwada shi a jikin mutum. Sai dai ɗan wasa ba ya gajiya da gaske, ba ya fashewa da kuka don ya kasa kiran sunan 'yarsa, kuma babu uwa a bakin ƙofa tana tambaya ko laifinta ne. Amsa wa wannan uwa da gaskiya, ba tare da an yi mata alkawarin ƙarya ko an kashe mata gwiwa ba, yana cikin abin da ake horarwa, kuma yana cikin na ƙarshe da ke nuna.

A ƙasashen da sana'ar ke sabuwa, ƙarancin masu sa ido shi ne babban cikas, ya fi rashin littafi ko na'ura. Jami'ar Makerere a Yuganda ta fara digirin a 2008 da taimakon ƙwararru 'yan sa-kai daga waje. Ɗaliban farko a irin wannan shiri suna fita ne babu manya a gabansu, kuma kafin su gama tsayawa da ƙafafunsu an miƙa musu ɗalibai. Wannan ne ke sa wasu su ce a gajarta karatun a samu yawa. Na fahimci matsin, amma gajartawar tana fitar da mutanen da ke ɗauke da sunan ƙwararru ba tare da wanda zai kama kuskurensu ba, su kuma su koyar da na bayansu.

Hanyar da ta fi ita ce a raba aikin a fili, kuma nan ne wata shidanki ke da gurbi. Mataimakin mai gyaran magana matsayi ne sananne. ASHA ma tana ba da shaidarsa tun 2020, da sharaɗin awa 100 na aiki ƙarƙashin ƙwararre. Mataimakiya tana gudanar da zaman da aka tsara, ta rubuta abin da ya faru, ta shirya kayan aiki, ta nuna wa iyaye yadda za su ci gaba a gida. Ba ta yanke cewa ga lalurar da ke damun yaro, ba ta fassara sakamakon gwaji, ba ta sauya tsarin da kanta, ba ta kuma auna haɗiya. Yaron da ke samun zama uku a mako da mataimakiya mai bin tsari mai kyau sau da yawa ya fi wanda ke ganin ƙwararre sau ɗaya a wata samun ci gaba. Sharaɗin dai a samu ƙwararren da ke duba aikin da gaske.

In kuwa cikakkiyar sana'ar kike so, shekarunki na aji jari ne. Kin iya riƙe hankalin yaro, kin san iyaye, ba kya firgita in yaro ya kwanta a ƙasa yana birgima, abubuwan da ke cinye wa ɗalibai zangonsu na farko. Abin da zai ba ki wuya shi ne sauke wasu ɗabi'un koyarwa: yawan tambayar "mene ne wannan?", saurin gyara kuskure, da cike shiru. Kafin ki biya kuɗin kowace makaranta, ki tambaya ko hukumar da ke ba da lasisi a inda za ki yi aiki ta amince da shirin. Ki tambayi awa nawa za ki yi da majinyata na gaske, ko akwai manya a ciki ko yara ne zalla, ko za ki shiga asibiti ki ga aikin haɗiya. Ki nemi sanin ɗalibai nawa ne ke ƙarƙashin mai sa ido ɗaya, da ko shi ɗin yana ganin majinyata har yanzu, da kuma harshen da za ki yi gwaji da shi in yaran da za ki yi wa aiki ba Turanci suke ji ba. Kafin lokacin, ki nemi izinin iyayen yaro ɗaya a ajinki, ki ɗauki muryarsa minti goma yana wasa, ki zauna ki rubuta abin da ya fito daga bakinsa sauti bayan sauti, sannan ki ba wani wanda bai san yaron ba ya saurara ya rubuta nasa, ku gwada takardun biyu.